Ruwan Ɗumi Domin Hajiya: Tafiyata Daga Jos Zuwa Dubai

Tun da na dawo daga Dubai nake shan tambaya. A masallacin unguwarmu, a bakin shagona na yadi, har a zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, "Malam Haruna, yaya Dubai? An ce titinsu kamar madubi." Nakan ce lafiya lau, in ja bakina, domin abin da ya kai ni ba ya faɗuwa a tsaye a bakin hanya, kuma a lokacin ban ga ƙarshensa ba tukuna. Yanzu na gani. Bari in zauna in faɗa gaba ɗaya, wanda ya tambaya da wanda ya yi mini kara bai tambaya ba duk su ji.

Ba yawon buɗe ido na je ba, ba kuma saro kaya ba. Matata, Hajiya Rabi, ita ce ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu da ƙafar hagu. Likitan gashin ƙashi ya ce ba abin da zai taimaki ƙafar kamar motsa ta a cikin ruwa, domin ruwa yana ɗauke wa mutum nauyin jikinsa. Hajiya ba za ta je otal ta shiga ruwa a idon jama'a ba, ni ma ban so ba. Sai na sayar da wani filina, 'ya'ya suka sa hannu, muka gina ɗan tafki na siminti a bayan gida, zurfinsa iya ƙirji, muka ƙara wa katanga tsawo. Wata ma'aikaciyar jinya, Sista Ladi, ita take zuwa ta shiga da ita. Da bazara da damina abin ya yi kyau, har yatsun ƙafar suka fara motsi.

Amma wanda ya san Jos ya san abin da ƙarshen shekara yake zuwa da shi. Sanyi ya sauko, ruwa ya koma kamar an narka ƙanƙara. Hajiya ta sa ƙafa sau ɗaya, ƙafar ta ƙage, ta wuni tana hawaye. Na sayo injin ɗumama ruwa daga Abuja, wuta ta ƙone shi. Na sake sayen wani, ya bi na farko. Ruwa ya zauna ya yi kore, ɗan motsin da aka samu ya koma, Sista Ladi kuma aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari. Da sanyin shekara ta gaba ya kawo jiki, a ƙarshen 2018, sai ƙanin Hajiya, Nuhu, wanda yake aiki a wani kamfanin kula da tafkunan ninƙaya a Dubai, ya kira ni ya ce, "Yaya, ba inji kaɗai ne matsalarku ba. Zo ka gani da idonka yadda ake riƙon ruwa. Zan aiko maka da biza."

Ranar da zan tafi na bar 'yarmu Zainab a wajen matata. Hajiya ta dube ni, da harshenta da ya yi nauyi ta ce, "Malam, da tsufanka za ka haye teku saboda ruwan wanka?" Na ce mata eh. Ta kau da kai ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Motar haya na hau zuwa Abuja. Mun sauko gangaren dutse lafiya, amma bayan Akwanga taya ta fashe, direba kuma ba shi da jak. Muka tsaya a rana har wata babbar mota ta taimaka mana. Ni dai ina rungume da jakata, domin a ciki akwai gorar ruwa da na ɗebo daga tafkinmu. Nuhu ne ya ce in zo da shi a auna. A filin jirgi jami'in bincike ya zaro gorar, ya ɗaga ta sama, ya ga ruwa kore shar. Ya ce mene ne wannan, magani ne? Na yi masa bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya ba ta lafiya, sannan ya jefa gorar cikin kwandon shara. Ashe ba a shiga jirgi da ruwa a jakar hannu. Ba wanda ya gaya mini.

A Dubai ba wanda ya daka mini tsawa, ba kuma wanda ya gaishe ni. Wani saurayi cikin farar jallabiya ya ce in kalli wata na'ura, ta ɗauki idona, ya buga hatimi ya miƙo fasfo ba tare da ya ɗago kai ba. A wajen kaya ne aka tsayar da ni saboda ƙullin kuka da daddawa da Hajiya ta sa Zainab ta ɗaura wa ƙaninta. Jami'in ya kwance daddawar ya kai hanci, ya ja da baya. Na ce masa da ɗan Larabcin da na koya a makarantar zaure cewa abinci ne. Ya ce, "Kalas, kalas," wato shi ke nan, ya yi mini alama in ɗaure abina in wuce.

Nuhu yana jirana a waje cikin rigar sanyi mai kauri har da hular ulu. Na ce masa lafiya kuwa? Ya ce ai hunturu ake yi. Na tsaya na ji iskar, irin wadda mu a Jos muke kira lumshi. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka yi bazara ɗaya a nan, jininka zai canja."

A unguwar Hor Al Anz yake zaune, a wani fulat da suka haɗu suka kama, gadaje hawa biyu a kowane ɗaki. Ya bar mini na ƙasa ya hau sama. Abokin ɗakinsa Isufu, mutumin Maraɗi ne, yana aikin lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Da ya ga daddawa sai ya rufe ido ya shaƙa, ya ce yau tuwo za a ci ko da gobe za a kore su daga gidan. Da garin semo aka tuƙa. Sauran kwanakin kuwa shinkafar Indiyawa ce mai yaji, da wani burodi falle-falle da ake soyawa da mai, da shayi mai kauri da suke kira karak. Na saba da shayin, ban saba da shinkafar ba. Abin da ya fi damuna shi ne gaisuwa. A masallaci za ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutumin Pakistan da na Masar, a yi sallama kowa ya ɗauki takalminsa. Ba mai tambayar iyali, ba mai tambayar gajiya. A wajenmu in maƙwabci bai ji motsinka da safe ba sai ya leƙo. A can mutum zai shekara bai san sunan wanda ƙofarsu take kallon juna ba.

Washegari bayan asuba muka fita a motar aiki, da Nuhu da abokin aikinsa Bahadur, ɗan ƙasar Nepal, mutum mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Gida-gida muke bi, ta ƙofar baya ake shiga. Yawancin tafkunan ba mai shiga cikinsu. Ga su nan shuɗi garau, inji yana gurnani a gefe, masu gidan suna wata ƙasa ko suna ciki a bayan labule. Na tuna matan unguwarmu da suke jera jarka a bakin famfo. Na ce wa Nuhu duk wannan ruwa daga ina, a ƙasar da babu kogi? Ya ce ruwan teku ne ake cire wa gishiri. 

Nuhu bai bar ni na tsaya kallo ba. Ya ba ni doguwar sanda mai raga ya ce in kwashe ganye. Ya nuna mini yadda ake ɗiban ruwa a 'yar kwalba a ɗiga magani, launinsa ya gaya maka ko sinadarin kashe ƙwayoyi ya isa ko bai isa ba. Ya nuna mini tulun yashi da ruwa yake bi ya tace, da yadda ake juya hannunsa a wanke dattin da ya tara. Ya ce babban kuskurenmu shi ne da sanyi ya zo sai muka kashe famfo muka bar ruwa a tsaye.

"Ko ba mai shiga, sai ruwa ya zagaya kullum," in ji shi. "A ƙasashen da ake ƙanƙara, su rufewa suke yi. Su rage ruwa, su busar da bututu don kada ƙanƙara ta fasa su, su lulluɓe sai bazara. Ku a Jos ba ku kai can ba. Naku ba rufewa za a yi ba, rayawa za a yi."

Sannan ya jawo wani abu kamar katon bargo na roba mai ƙuraje-ƙuraje, ya shimfiɗa a kan ruwa. Ya ce ɗumin da inji ya wuni yana tarawa ta sama yake gudu, to wannan bargo shi ne yake tsare shi. Injinan da na saya a baya, ban da wutarmu mai hawa da sauka, aikin banza suka yi ta yi har suka mutu, domin ba murfi. Sai na haɗa da na'urar daidaita wuta, in kuma rufe ruwa da zarar rana ta yi sanyi.

A rana ta uku ko ta huɗu Nuhu ya ce akwai gidan da yake so in gani. Gidan wani dattijo ne mutumin Sudan, Hajji Attayib, wanda ya yi shekaru da yawa yana aikin injiniya a Dubai. Shi kaɗai ne a cikin masu gidajen ya fito ya tarbe mu, dogo, baƙi, gashinsa fari fat. Da Nuhu ya ce masa ni daga Nijeriya nake, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce da Hausa, "Sannu. Ina gajiya?" Na kusa zubar da hawaye. Ashe kakarsa Bahaushiya ce, cikin mutanen da suka kama hanyar Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan ba su ƙarasa ba. Kalmomin da ya riƙe daga bakinta ba su da yawa. Sauran hirar da Larabci da Turanci muka yi, Nuhu yana cike gurbi.

Tafkinsa ƙarami ne kamar namu. A gefe akwai ƙarfen riƙewa da matakala mai faɗi, ruwan kuma yana tururi kaɗan-kaɗan. Nuhu ya gaya masa abin da ya kawo ni. Dattijon ya saurara, ya tambayi wane ɓarin ne, tun yaushe, tana iya zama da kanta ko sai an tallafe ta. Tambayoyin wanda ya san abin ne. Daga nan ya ce, "Wa yake shiga da ita?" Na ce da akwai ma'aikaciyar jinya, amma ta bar gari, ina neman wata. Ya ce, "Kai fa?" Na ce ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, a kan dutse aka haife ni. Ya juya ya shiga gida, ya fito da dogon wando da riga ya miƙo mini. Ya ce, "Yalla," wato mu je.

Na dubi Nuhu ko zai cece ni. Ya sunkuyar da kai yana wasa da sandar raga.

Haka na shiga ruwa, ina da shekara sittin da 'yan kai. A matakala ta biyu santsi ya kwashe ni, na kurɓi ruwa, na riƙe wuyan dattijon kamar zan shaƙe shi. Bai yi dariya ba. Ya jira na daidaita, sannan ya ɗaura mini wata ɗamara mai ɗaga mutum a ruwa, ya tsaya a bayana ya sa hannuwansa a ƙarƙashin hamatata. Ya ce yanzu ni ne mara lafiyar. In saki ƙafar hagu kamar ba tawa ba, in saki hannun hagu, in kwanta a jikinsa. Na kasa. Duk lokacin da ƙafata ta bar ƙasa sai in mayar da ita ƙasa da ƙarfi. Yana ta cewa, "Shuwayya, shuwayya," wato a hankali. Da ƙyar na saki jiki. Ruwa ya taɓa kunnuwana, sama kawai nake gani, ba abin da ya raba ni da nutsewa sai hannun wani mutum da ban san shi ba sai yau. A nan na gane abin da Hajiya take ji duk ranar da nake tsaye a bakin tafki da tawul ina ce mata ta daure.

Bayan haka muka yi musaya. Ya ce yanzu shi ne mara lafiyar. Ya saki nauyinsa gaba ɗaya a kaina, ya nuna mini inda zan sa hannu, yadda zan tokare gwiwar da ba ta da ƙarfi da tawa gwiwar, yadda zan riƙa gaya mata abin da zan yi kafin in yi. Ya ce kada in taɓa sakinta ba tare da ita ta ce in sake ta ba, ko da na ga za ta iya.

Da muka fito aka kawo shayi. Na riga na gane don matarsa ya tanadi tafkin, sai na ce masa ina fata uwargidan tana samun sauƙi, a gaishe ta. Nuhu ya taka mini ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Hajji Attayib ya ajiye kofi ya ce ta rasu a bazarar da ta wuce. Shekaru ya yi yana shiga da ita kowace safiya. Na yi masa ta'aziyya, kunya ta rufe ni. Na tambaye shi to me ya sa har yanzu ake ɗumama ruwan. Ya ce bai sani ba. Ya yi niyyar ya ce wa su Nuhu su kashe inji, amma kullum suka zo sai bakinsa ya yi nauyi. Yanzu dai magana ta ƙare, domin ya yi ritaya, kuma a ƙasar nan in aikinka ya ƙare zamanka ya ƙare. Ƙarshen wata zai mayar da makullin gida ya koma Sudan. Kabarinta kuma yana nan.

Da za mu tafi ya naɗe ɗamarar nan ya sa mini a hannu. Na ce ba zan karɓa ba, abin tunawa ne. Ya ce ba don a ajiye aka yi ta ba. Na koma gidansa sau biyu kafin in baro ƙasar, kowane zuwa sai mun shiga ruwa.

Injin kuwa mun same shi a wani shago kusa da Al Karama, irin wanda yake janyo ɗumi daga iska, ba ya shan wuta da yawa. Na yi murna, na ce a sa shi a jirgin sama ya riga ni isa. A ofishin kago wani Bakano da yake harkar aika kaya ya duba jikin kwalin ya girgiza kai. Ya ce, "Alhaji, wannan akwai gas a cikinsa, ba za su ɗauka a jirginmu ba. Sai dai kwantena, ta ruwa." Na ce yaushe zai isa? Ya ce in sha Allahu, kafin damina. Na zauna a kan wani buhu. Wato wannan sanyin ma ya wuce Hajiya ke nan. Isufu ne ya karɓi kwalin ya ce shi da kansa zai ga shigarsa kwantena a Jebel Ali. Da na kira gida da yamma na gaya wa Hajiya, sai ta ce, "To ka dawo hakanan."

Na dawo da bargon roba a naɗe cikin ƙatuwar jaka, da kwalaben auna ruwa, da ɗamara. Na kwashe koren ruwan na wanke tafki na zuba sabo. Kullum in tayar da famfo, in wuta ta ɗauke in ja janareta. Da rana bargon yana tara ɗumi, da yamma yana tsare shi. Wajen ƙarshen sanyi ruwan ya yi dama-dama. Ranar da na fito da dogon wando na ce ni zan shiga da ita, Hajiya ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ko kwale-kwale ba ka shiga?" Na ce an koya mini. Zainab ta taya ni sauko da ita daga kekenta na marasa lafiya. Muka shiga ruwan, ina riƙe da ita.

Inji ya iso da ruwan farko na damina, kwalin ya lotse a gefe ɗaya amma lafiyarsa ƙalau. Nuhu yana kan waya yana gaya wa mai gyaran wuta inda kowace igiya za ta shiga. A wajen Nuhu na ji cewa Hajji Attayib ya tafi, sababbin masu gidan kuma sun cike tafkin da ƙasa sun shuka ciyawa. Lambar wayarsa ta Dubai ta daina shiga. Ban sake jin labarinsa ba.

Sanyin bana ya zo da ƙarfinsa, irin wanda yake sa mutane alwala da ruwan zafi. Ban bar ruwan ya tsaya ko kwana ɗaya ba, kuma Hajiya ba ta fasa shiga ba. Ga masu tambaya ko ta warke, amsar ita ce a'a. Hannun bai dawo ba, kuma likita ya gaya mini a keɓe cewa kada in sa rai za ta sake takawa a ƙasa.

Amma wata safiya cikin watan jiya, na yaye bargo tururi ya tashi, muka shiga kamar kullum. Ina bayanta, gwiwata tana tokare da tata. Muna tsakiyar ruwa sai ta ce, "Malam, juya ni gabas." Na juya ta. Ta dasa ƙafar dama, ta jawo ta hagu a hankali har ta zauna a ƙasan tafki. Ta ce, "Sake ni."

Na ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "Tun da na kwanta ban roƙi Allah a tsaye ba. Sake ni."

Na zare hannuwana. Ta yi tangaɗi kaɗan, ta tsaya. Ta ɗaga hannunta mai lafiya, leɓunanta suna motsi. Ban ji abin da take faɗa ba, ban kuma tambaye ta ba. Na tsaya a bayanta, hannuwana a buɗe cikin ruwa ba su taɓa ta ba, har ta shafa.